Zafi, Ƙura da Ruwa: Gyaran Hanyar Iskar Motar Shiga Daji a Ƙasar Dundaye

Garin Dundaye yana cikin ƙaramar hukumar Wamakko, a tsallaken fadamar Gulbin Rima daga birnin Sakkwato. A yankinsa ne mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake. Titi mai kwalta ya haɗa shi da birni ta Kwalkwalawa, amma da zarar an sauka daga kwalta an nufi ƙauyuka da gonakin fadama, sai rairayi da burji da laka. Motocin da ke iya bin waɗannan hanyoyi su ne masu ƙarfin shiga daji, irin su Toyota Hilux da Land Cruiser da tsofaffin Land Rover, sai kuma akori-kurar Peugeot 504 wadda a da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Su ke fito da albasa da shinkafa da tumatir zuwa kasuwa. Su ke kai taki gona, su ke kai majinyaci asibiti cikin dare.

Irin wannan mota jarin gida guda ce, wani lokaci ma ta ƙungiyar manoma ce da aka yi karo-karo aka saya. Idan injinta ya buga, abin da aka tara cikin shekaru yakan tafi a rana ɗaya. Shi ya sa masu motoci suke neman dabarar da za ta sa injin ya sha iska mai sanyi. Wasu suna sa dogon bututu a gefen gilashi, wasu suna huda bonet, wasu kuma suna ɗaga shi ta baya. Cikin waɗannan dabaru akwai masu amfani, akwai na ɓarnar kuɗi, akwai kuma masu kashe inji. Ga bayanin yadda abin yake, domin mai mota ya san abin da zai ce wa makanike kafin a taɓa masa ƙarfe.

Inji ma numfashi yake yi

Mai ba ya ƙonewa sai da iska. Duk macen da ta taɓa hura wutar murhu ta san haka. A cikin inji, kilo 1 na fetur yana bukatar iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone sarai. Idan aka auna da lita, lita 1 ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000, wato cikin durom 45 na irin wanda ake zuba mai. Injin da girmansa ya kai lita 3, idan yana juyi 2,000 a minti, yana zuƙar iska kusan lita 3,000 a kowane minti. Durom 15 ke nan a minti ɗaya. Injin dizal ma ya fi na fetur haɗiyar iska.

To, iska tana da wata ɗabi'a. Idan ta yi zafi sai ta buɗe ta yi shara-shara, idan ta yi sanyi sai ta cure ta yi nauyi. Cikin silinda kuwa ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Don haka silinda da ta cika da iska mai zafi ta sami abinci kaɗan, wadda ta cika da mai sanyi ta sami da yawa. Ƙarin zafi na digiri 3 yana rage nauyin iska da kusan kashi 1 cikin 100.

A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40, wani lokaci ya doshi 45. Wannan a waje ke nan. A ƙarƙashin bonet, inda zafin lagireto da na bututun hayaƙi suke taruwa, iska takan kai digiri 70 ko fiye, musamman idan mota tana tafiya a hankali cikin rairayi da kaya a baya. Injin da ke shan iskar digiri 70 maimakon ta digiri 40 ya yi asarar kusan kashi 9 cikin 100 na iskar da ya kamata ya samu. Direba zai ji mota ta yi nauyi, tana shan mai, mai dizal kuma tana fitar da baƙin hayaƙi. Injin fetur yakan riƙa ƙara kamar ana kaɗa ƙusa cikin gwangwani idan an taka shi a hawa.

Iska biyu ce, kada a haɗa su

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Iskar da mota ke bukata kashi biyu ce, kuma kowace da hanyarta. Ta farko ita ce wadda inji yake zuƙa ya ƙona mai da ita. Tana bi ta matatar iska, wadda makanikai ke kira filta, ta shiga silinda, ta fita ta salansa. Ta biyu ita ce wadda ke shigowa ta gaban mota, ta ratsa lagireto ta kwashe zafin ruwa, sannan ta fita ta ƙasan mota. Wannan ta biyun ba ta shiga cikin inji ko kaɗan.

Idan allurar zafi tana hawa, ko ruwa yana tafasa, matsalar tana wajen iska ta biyu da ruwan lagireto. Dogon bututu ba zai warkar da ita ba, ko nawa aka saye shi. Idan kuwa mota ba ta da ƙarfi, ko filta tana toshewa kowane mako, to, hanyar iska ta farko ce abin dubawa. Wanda ya gane wannan bambanci ya tsira daga sayen maganin ciwon kai alhali ciki ke ciwo.

Ƙura ta fi zafi ɓarna

Zafin iska yana rage ƙarfin inji na ɗan lokaci, da yamma ta yi sai ƙarfin ya dawo. Ɓarnar ƙura kuwa ba ta dawowa. Rairayin ƙasar Sakkwato ƙwayoyinsa sun fi ƙarfen silinda tauri. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma iskar hunturu tana kawo ƙura mai laushi daga Sahara, yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Idan wannan ƙura ta tsallake filta, sai ta gauraya da baƙin mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Tana cin zoben fistin, tana goge bangon silinda. Alamarta ita ce mota ta fara shan baƙin mai, tana hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, tana wuyar tashi da safe. Daga nan sai sauke inji.

Ƙura ta fi yawa a ƙasa-ƙasa, kusa da tayoyi. Motoci da dama kuwa suna zuƙar iskarsu ne daga cikin ƙarfen da ke bisa tayar gaba, ko daga bayan fitila. A kan kwalta wannan wuri yana da kyau, don iskarsa ta fi ta kusa da inji sanyi. Amma a kan burji, ƙurar da tayar gaba ta tayar ita ce inji zai fara shaƙa.

Dogon bututu: amfaninsa da iyakarsa

Bututun da ake gani yana hawa ta gefen gilashin gaba har zuwa rufin mota, Turawa suna kiransa sinokel. Tun a Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka riƙa sa wa ƙananan motocinsu irinsa don su ƙetare ruwa. Daga baya ya bazu ga motocin daji. Land Rover ta fara fitowa a 1948, Hilux a 1968, Land Cruiser samfurin 70 kuma a 1984, kuma wannan ta ƙarshe ana sayar da wasu da bututun tun daga kamfani. Duk wanda ya je Agadas ya ga yadda motocin da ke ratsa Tenere suke ɗauke da shi.

Amfaninsa uku ne. Na farko, yana ɗauko iska daga sama inda ƙura ba ta kai ta ƙasa yawa ba, don haka filta takan daɗe. Na biyu, iskar da yake kawowa zafinta daidai yake da na waje, ba ta ƙarƙashin bonet ba ce. Na uku, yana nisanta bakin inji daga ruwa.

Sai dai kada a yaudari kowa game da ƙarfi. Idan mota dama tana shan iska daga waje, canjin da za a ji kaɗan ne, ko ma babu. Tsawon bututu da kwanoninsa suna ɗan takura iska, sai su cinye ribar da sanyi ya kawo. Motar da za ta ji canji sosai ita ce wadda tiyonta na asali ya yage ko ya ɓata, tana ta zuƙar iskar kusa da bututun hayaƙi. Ribar gaskiya ta sinokel ita ce tsawon ran inji.

Kan bututun ma iri biyu ne. Akwai mai baki kamar cokali, wanda ke fuskantar gaba. Yana da kyau a kan hanyar da babu kowa, amma idan ana bin bayan wata mota cikin ƙura, ko ana ruwa mai ƙarfi, gara a juya bakin ya kalli baya. Akwai kuma mai kama da tukunya, irin wanda ake gani a kan tarakta. Iska tana shiga cikinsa tana juyawa kamar guguwa, sai ƙwayoyin ƙura masu nauyi su watsu gefe su faɗa cikin kwano mai gani-har-hanji, kamar yadda tsakuwa ke rabuwa da tsaba a faifai. Direba yana gani idan kwanon ya cika, ya cire ya zubar. Ga hanyoyin fadama da hunturun Sakkwato, mai tukunya ya fi dacewa.

Idan za a sa, ga abin lura

Faɗin bututu kada ya gaza na tiyon asali. Ga yawancin waɗannan motoci inci 3 zuwa 4 ne. Bututu siriri yana shaƙe inji, kamar a ce mutum ya yi gudu yana numfashi ta karan dawa. A rage yawan kwana, kuma kwanar ta zama mai lanƙwasa a hankali.

Wasu masu walda suna haɗa shi da bututun roba na famfo saboda araha. Irin wannan roba tana laushi idan ta ji zafin inji, rana kuma tana sa ta bushe ta tsage. Wanda aka yi a kamfani da wata roba ce mai jure rana. Idan na gida za a yi, bututun ƙarfe mara tsatsa ya fi, a haɗa gaɓoɓinsa da tiyo mai kauri, a ɗaure da maɗaurin ƙarfe mai noti. Igiyar tayar keke da leda ba su isa ba.

Kowace gaɓa sai ta rufe ruf. Ƙaramar kafa guda ta isa ta ɓata aikin duka, domin inji yana zuƙa ne da ƙarfi, kuma ta kafar zai ja ƙura da ruwa. Kafa mafi haɗari ita ce wadda ke tsakanin filta da inji, saboda abin da ya shiga ta nan bai bi ta matata ba. Gwajinta mai sauƙi ne. A kashe mota, a kwance tiyon da ke bayan filta, a shafa yatsa a cikinsa. Idan yatsa ya fito da ƙura, akwai inda take shiga, sai a nemo. A ƙasan akwatin filta kuma akwai wata 'yar roba mai kama da bakin agwagwa, wadda ke zubar da ruwa da ƙura. Idan ta ɓace ko ta bushe, a sake ta.

Inda aka huda jikin mota, a goge bakin ƙarfen a shafa fenti don kada ya yi tsatsa. Tiyon da ke ƙarƙashin bonet a nisanta shi da bututun hayaƙi, wanda zafinsa ke kai ɗaruruwan digiri. Idan babu wuri, a sa farantin gorar ruwa a tsakani, a bar ɗan fili ta kowane gefe.

Akwai wata filta mai siffar mazurari da samari ke so saboda tana sa inji ya yi ruri. Ana cire akwatin asali a ɗaura ta tsirara a ƙarƙashin bonet. Wannan koma-baya ne. Tana shan iska mafi zafi a cikin motar, kuma ramukanta sun fi na takarda faɗi, don haka ƙura mai laushi tana wucewa. A motocin zamani masu kwamfuta, man da ake shafa mata yakan ɓata na'urar auna iska, mota ta rikice.

Kula da filta

Filtar takarda ba a wanke ta da ruwa ko fetur. Ba a kuma buga ta da dutse. Hura ta da iskar mai faci da ƙarfi yana huda takardar, hudar da ido ba ya gani. Idan dole ne a hura, a yi a hankali, daga ɓangaren mai tsabta zuwa ɓangaren da ƙura take. Bayan haka a haska tocila a cikinta a wuri mai duhu. In haske ya fito ta wata kafa, ta gama aiki. A duba robar bakinta, domin idan ba ta zauna daidai ba ƙura za ta zagaye ta. Lokacin hunturu a riƙa dubawa kowane mako.

Tsofaffin Land Rover da taraktoci da yawa suna da matata mai kwanon mai a ƙasa. Iska tana bugun man, ƙura ta maƙale. Wannan ba ta bukatar sayen takarda, sai dai a zubar da man idan ya yi kauri, a wanke kwanon, a zuba sabo daidai layin da aka zana. Idan aka wuce layin, injin dizal yana iya zuƙe man ya yi ta gudu ba tare da an taka shi ba.

Kada a taɓa tafiya babu filta, ko na kilomita ɗaya ne. Wannan gargaɗi ya shafi masu injin ban-ruwa a fadama, waɗanda sukan cire soson filta su yar idan ya toshe. Soson ana wanke shi ne, a shanya, a mayar.

Maganar ruwa

Mutanen Dundaye sun san ƙarfin Gulbin Rima. A watan Satumba na 2010, bayan ruwan sama mai yawa da malalar madatsar Goronyo, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta yanke hanyar da ta haɗa jami'a da birni. Ko a daminar da ba a yi ambaliya ba, daga Yuli zuwa Satumba hanyoyin fadama sukan cika da ruwa.

Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. A injin dizal, fistin yana matse iska har ta koma kusan kashi 1 cikin 20 na yadda ta shigo. Filin da ya rage a saman silinda bai kai cikin ƙaramin kofin shayi ba. Idan ruwan da ya fi haka ya shiga, fistin zai taho da gudu ya tarar da abin da ya fi shi taurin kai. Sandar fistin sai ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci ta fasa jikin inji. Duk wannan cikin ƙiftawar ido.

Saboda haka idan mota ta mutu a cikin ruwa, kada a sake murɗa makulli. A jawo ta waje, a buɗe akwatin filta. Idan akwai ruwa, a kira makanike ya cire fulogogi, ko nozul idan dizal ce, a fitar da ruwan, a canza baƙin mai. Murɗa makulli sau ɗaya shi ne yakan mai da ƙaramin aiki ya zama sayen inji.

Sinokel yana kare wannan ƙofa guda ɗaya ce kawai. Bai mai da mota kwalekwale ba. Kamfanin Toyota ya ƙayyade wa Hilux ta zamani zurfin santimita 70, tsohuwar Land Rover kuma santimita 50. Sama da haka ruwa yana shiga giya da akwatin tayoyi ta ƙofofin numfashinsu, yana jiƙa wayoyi da kwamfuta, fanka kuma tana iya lanƙwasawa ta yanki lagireto. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya ɗauke babbar mota da mutanen cikinta. Direban da bututu ya ba shi ƙarfin halin shiga ruwan da bai auna ba, ya fi wanda ba shi da bututun shiga haɗari. A sauka, a auna da sanda, a tambayi mutanen wurin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Huda bonet da ɗaga shi

Yanzu sai iska ta biyu. Iskar da ta ratsa lagireto dole ta sami mafita, in ba haka ba sabuwa ba za ta shigo ba. Ɗakin da ke da ƙofa ɗaya babu taga ba ya shan iska. Wannan shi ne dalilin huda bonet, kuma dalili ne mai kyau. Amma wurin hudar shi ne maganar.

Idan mota tana gudu, iska ba ta danna jikinta daidai wa daida. Tana taruwa da ƙarfi a wuri biyu: a hancin mota, da kuma gindin gilashin gaba. Shi ya sa kamfani yake sa ƙofar iskar cikin mota a gindin gilashi. A ɓangaren gaba na bonet kuwa, bayan lagireto kaɗan, iska tana wucewa da sauri tana tsotsar abin da ke ƙasa. Huda a wannan wuri tana fitar da zafi. Huda a kusa da gilashi tana tura iska ciki, ta cika ƙarƙashin bonet, ta tare wadda ya kamata ta ratso lagireto.

Da wannan za a gane al'adar ɗaga bonet ta baya da noti ko guntun katako. Idan mota tana tsaye ko tana jan ciki a rairayi, zafi yana tashi sama ya fita ta wurin, don haka ana ɗan samun sauƙi. Da an hau kwalta an ƙara gudu sai lamarin ya juya. Mai shakka ya ɗaura guntayen zare a bakin kafar ya sa wani ya lura: a tsaye zaren yana kaɗawa waje, a guje yana shigewa ciki. Ban da haka, tururin mai da hayaƙi suna fita ta nan su shiga ƙofar iskar fasinja. Idan kuma aka yi karo, bonet ɗin da aka sassauta maɗaurinsa yana iya shigowa ta gilashi.

Wanda ya yanke shawarar hudawa ya kiyaye abu huɗu. Kada a yanke ƙarafan da ke ƙarƙashin bonet masu riƙe shi. Kada huda ta zo bisa batir ko wayoyi ko akwatin filta, saboda ruwan sama. Bakin hudar ya kalli baya, a rufe shi da raga don ƙaiƙayi da ɓera. A shafa fenti a inda aka yanka.

Akwai wani tudu mai baki da ake gani a bonet ɗin wasu Hilux masu injin dizal lita 3 da wasu Mitsubishi Pajero. Wannan aikinsa daban ne. Injin mai tarbo yana matse iska, matsewar tana sa ta yi zafi sosai, sai a bi da ita ta wani ƙaramin lagireto da ke kwance bisa inji don ta huce. Tudun shi ke kai masa iskar waje. A irin wannan mota a tabbata robar da ke tsakanin bonet da ƙaramin lagireton tana nan, a kuma riƙa share shi. Manna irin tudun a motar da ba ta da wannan na'ura ado ne kawai, idan an huda ma yana iya cutarwa.

Kafin a yanka ƙarfe

Yawancin motocin da ke zafi ba huda suke bukata ba, gyara suke nema. Lagireto yakan toshe ta waje da ƙaiƙayin shinkafa da ciyawa da laka. A wanke shi da ruwa mara ƙarfi daga bayansa zuwa gaba. Yakan kuma toshe ta ciki. Yankin Wamakko ƙasar farar ƙasa ce, ita ce ma ta sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina, kuma ruwan wasu rijiyoyi yana barin farin ɓawo irin wanda ake gani a cikin buta. Ruwan gulbi kuma yana da laka. Abin da ya dace shi ne ruwan lagireto na kanti, wanda ke hana tsatsa. Idan babu, ruwan sama da aka tace ya fi na rijiya.

Murfin lagireto ƙarami ne amma aikinsa babba. Shi ke riƙe matsi, ya sa ruwa ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120 maimakon 100. Murfin da robarsa ta mutu yana sa ruwa ya tafasa da wuri. Kada a buɗe shi inji yana da zafi, mutane da yawa sun ƙone fuska da hannu ta haka.

A duba bel ɗin fanka. A duba robar da ke kewaye da fanka kamar kwando, wadda sau da yawa ake yar da ita bayan gyara. Idan babu ita, fanka tana kaɗa iskar gefe ne, ba ta jawo ta cikin lagireto. Manyan fitilu da allon ado da ake jerawa a gaban mota su ma suna tare iska.

Sai tamostat, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa idan ruwa ya kai digiri 82 zuwa 88. An saba cire ta da cewa ta ƙasar sanyi ce. Gaskiya ne idan ta lalace a rufe tana sa inji ya yi zafi, amma maganin shi ne a sa sabuwa. Injin da ba shi da ita yana daɗewa bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu, sai ya riƙa shan mai yana cin jikinsa. A wasu injuna kuma ita ce ke rufe gajeriyar hanyar ruwa, idan aka cire ta wani kashi na ruwan yana zagayawa bai je lagireto ba.

A ƙarshe akwai hannun direba. Lodin da ya wuce kima da tafiya da babbar giya cikin rairayi suna dafa inji fiye da rana. A sa ƙaramar giya don fanka da famfon ruwa su juya da sauri, a ɗan rage iskar taya a rairayi mai zurfi, a mayar idan an hau kwalta. A bazara, wanda ya fito da kaya bayan sallar asuba ya huta da rabin wahalar wanda ya fito da azahar.

Don haka ana kira ga masu motoci da ƙungiyoyin manoma na Dundaye da kewaye su bi abin daki-daki. A fara da wanke lagireto, da sabon murfi, da bel, da tamostat, da filta mai kyau da tiyo mara kafa. Idan motar kullum tana cikin ƙura da fadama, a ƙara sinokel mai tukunya, a kai wa wanda ya iya aikin. Huda bonet ita ce ta ƙarshe, kuma sai an tabbatar da wurin. Direbobin da suka halarci ajin yaƙi da jahilci su sami ɗan littafi su riƙa rubuta ranar da aka canza filta da baƙin mai da lambar kilomita, su ajiye shi a cikin mota, duk wanda ya karɓi tuƙi ya gani.